Yatsu na yin fari da sanyin asuba: yaushe ne alamar ciwon taurin fata?

Maman_Hanif_Malali:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda hunturu ya kankama, ga tambayar da nake so masana su warware mana. Wasu na cewa duk wanda yatsunsa ke yin fari su mutu idan ya taɓa ruwan sanyi, daga baya su yi duhu, sannan jini ya dawo da zugi, to ciwon taurin fata ne ke tafe, wato sikilarodama. Wasu kuma sun ce ciwon ƙasashen ƙanƙara ne, sanyin Kaduna bai kai ya kawo shi ba. Wanne ne gaskiya? Kuma da me ake bambance wanda nasa ba komai ba ne da wanda ya kamata ya garzaya asibiti?

LikitanGabobi_KD:
Wa alaikumus salam Maman Hanif. Duka maganganun biyu suna da gyara. Abin da kika siffanta ana kiransa alamar Reno, sunan likitan Faransa ne, Moris Reno, wanda ya fara bayaninta a 1862. Ƙananan jijiyoyin jini na yatsu ne ke tsukewa farat ɗaya idan sanyi ya taɓa jiki ko hankali ya tashi. Jini ya yanke, yatsa ya yi fari. Ɗan jinin da ya rage iskarsa ta ƙare, ya yi shuɗi. Jijiya ta saki, jini ya kwararo, ya yi ja da zugi.

Iri biyu ce. Akwai mai zaman kanta, wadda ba wata cuta a ƙarƙashinta, ita ce ta fi yawa, ana ƙiyasta mutum 3 zuwa 5 cikin 100 suna da Reno a duniya, galibi irin wannan. Akwai kuma mai rakiyar wata cuta, kuma sikilarodama ce kan gaba. Sama da 90 cikin 100 na masu sikilarodama ta cikin jiki suna da Reno, sau da yawa ma ita ce alamar farko, tun fata ba ta fara tauri ba. Amma ki lura: kusan duk mai sikilarodama yana da Reno, mafi yawan masu Reno kuwa ba za su taɓa yin sikilarodama ba har abada.

Sista_Kawo:
Zancen "sanyinmu bai kai ba" kuskure ne da ke jawo jinkiri. Ba sai an yi ƙanƙara ba, saukar zafi kwatsam ita ce ke tayar da ita. Fita daga rana a shiga banki mai na'urar sanyaya ɗaki ya isa. Ɗebo nama daga firiza, riƙe ruwan leda mai sanyi, wanke-wanke da ruwan randa da sassafe, hawa babur bayan asuba a watan Janairu. Masu sayar da ƙanƙara da zoɓo da masu yanka daskararren kifi, nasu hunturun ai shekara yake yi.

Dan_Rigasa88:
Gafara dai, wannan sikilarodama ba dangin sikila ba ce? Su ma masu sikila sanyi ne ke tayar musu da ciwo.

MalaminLab_Barnawa:
A'a ɗan'uwa, sunan ne kawai ya yi kama a kunne. Sikila gadonta ake yi, matsalar ƙwayar jini ce, gwajin jinotaif ke nuna ta. Sikilarodama garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi jikin, ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba ta bin gado kai tsaye kamar sikila. Asalin kalmar Girkanci ne, ma'anarta fata mai tauri.

LikitanGabobi_KD:
Bari in koma rabin tambayar na biyu, don nan ne aikin yake. Reno mai zaman kanta yawanci tana farawa tsakanin shekara 15 zuwa 30, ta fi kama 'yan mata, sau da yawa uwa ko 'yar'uwa na da ita. Tana kama hannu biyu daidai wa daida, galibi ta bar babban yatsa, kuma da an ɗumama cikin minti 15 zuwa 20 komai ya koma yadda yake. Ba ta barin gyambo, ba ta barin tabo.

Wadda ke tayar mana da hankali ita ce wadda ta fara bayan shekara 30 ko 40, ko ta fara ga namiji, ko take zuwa da azabar da ke hana barci, ko ta fi tsanani a hannu ɗaya, ko ta haɗa har da babban yatsa. Sai a duba yatsun da kyau. Sun kumbura sun yi suntum, zoben da ake sawa shekara da shekaru ya ƙi fita? An kama fatar bayan yatsa da 'yan yatsu biyu ta ƙi tsinkuwa, ta manne kamar an ɗame ganga? Akwai 'yan ramuka a kan tsinin yatsa kamar ɓera ya gutsura? Akwai ƙwannafi kullum, ko tuwo yana tsayawa a ƙirji? Numfashi na gazawa a hawan bene? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya haɗu da Reno, ba zancen jira ba ne.

Dalilin bambancin yana cikin jijiyar kanta. A mai zaman kanta jijiyar lafiyarta lau, saurin firgita kawai gare ta. A sikilarodama shimfiɗar cikin jijiyar ta lalace, bangonta ya yi kauri, hanyar jinin ta ƙuntata tun kafin sanyi ya zo, kamar bututun famfo da ƙasa ta cika rabinsa. Sanyi na ƙara matsewa kaɗan sai jini ya yanke ɗungum. Shi ya sa kusan rabin masu wannan ciwo kan yi gyambon yatsa ko sau ɗaya a rayuwa.

LikitarFata_UngwarRimi:
Likita ya yi bayani, amma "fari, shuɗi, ja" bayanin littattafan da aka rubuta kan farar fata ne. A baƙar fata idan ka tsaya kallon bayan hannu ba za ka ga komai ba. A juya tafin hannu, a duba cikin yatsu da ƙarƙashin farce. Farin yakan fito kamar toka ko rawaya-rawaya, da iyaka a fili kamar an ja layi a gaɓar yatsa. Shuɗin kuma duhu ne mai kama da ruwan makuba. Ba dole ne launi uku su cika ba, biyu sun wadatar.

Kuma abin ba ya tashi a gaban likita. Don haka idan ya taso a ɗauki hoto da waya nan take, a hasken rana ba na fitila ba, a ajiye hannun wani mai lafiya kusa da shi. Hoto uku ko huɗu na ranaku daban sun fi dogon bayani.

Mata kuma ina roƙo: idan za a je ganin likita kan wannan, a bar ƙunshi da jan lalle a yatsu har ya goge. Lalle na rufe daidai wurin da muke son gani.

Maman_Hanif_Malali:
Na gode Likita. To su yatsun ƙafa fa? Ba a ce komai a kansu ba.

LikitarFata_UngwarRimi:
Suna yi sosai, har da kan hanci da kunne wani lokaci. Sai dai idan ƙafa kaɗai ce, musamman ga dattijo, mai ciwon suga ko mai shan taba, a fara zargin toshewar manyan jijiyoyin ƙafa. A taɓa bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu. A Reno zalla bugun yana nan.

MalaminLab_Barnawa:
Game da gwaji, biyu ne ginshiƙi. Na farko gwajin jini na ANA, mai neman sinadaran garkuwar jiki da suka juyo suna yaƙar jikin kansa. Idan ya nuna, sai a nemi takamaiman irin waɗannan sinadarai: anti-sentromiya, wadda ta fi tafiya da nau'in da taurin ke tsayawa a yatsu da fuska amma daga baya yana iya kawo hawan jinin huhu, anti-Scl-70, mai tafiya da nau'in da ke bazuwa da taurin huhu, da anti-RNA folimares 3, wadda ke nuna hatsarin ciwon ƙoda. A baƙar fata anti-sentromiya ba ta cika fitowa ba kamar a Turawa, nau'in mai bazuwa ya fi yawa, kuma yana farawa da ƙuruciya. Saboda haka rashinta bai wanke mutum ba.

Gargaɗi kuma, ANA kaɗai ba hukunci ba ce. Akwai masu lafiya garau da take nunawa a jininsu kaɗan. Kada wani ya karɓi takarda daga lab ya yanke wa kansa ciwo.

LikitanGabobi_KD:
Na biyun shi ne duba jijiyoyin gindin farce, kuma ba ya buƙatar allura. Mutum ya zauna minti 15 zuwa 20 a ɗakin da ba sanyi, a ɗiga ɗigon mai a fatar gindin farce, a duba da madubin ƙara girma. Yatsu takwas ake dubawa, ban da manyan yatsu biyu, kuma na zobe da ƙaramin yatsa sun fi nunawa. A mai lafiya za ka ga 'yan jijiyoyi sirara a jere kamar haƙoran matsefi, aƙalla 7 a kowace milimita. A sikilarodama za ka ga wasu sun buɗe sun zama ƙattai, ga ɗigon jinin da ya fashe, ga filin da jijiyoyi suka ɓace. Inda babu na'urar musamman mai ƙara girma sau 200, madubin likitan fata ko na duba ido yana nuna manyan alamun. Sharaɗi: mako biyu zuwa uku kafin nan kada a yanke ko a tura fatar gindin farce, don raunin reza na kama da ɗigon jinin ciwo.

Akwai binciken da aka yi a Kanada, aka buga a 2008, an bi mutum 586 masu Reno da aka tura asibiti, wasu har shekara 20. Kusan 13 cikin 100 suka kamu da sikilarodama. Waɗanda gwajin farce da na jini duka suka nuna matsala tun farko, kusan 80 cikin 100 suka kamu. Waɗanda duka biyun suka fito lafiya, ba su kai 2 cikin 100 ba.

Famasis_TudunWada:
Likita, da girmamawa, ina da ja a nan. Idan muka ce kowace yarinya 'yar shekara 17 da yatsunta ke fari da hunturu sai ta yi ANA, iyaye za su kashe kuɗin da ba su da shi, ga fargaba. Wadda ba ta da ko ɗaya cikin alamun da ka lissafa, ni a ganina safar hannu da sa ido sun isa.

LikitanGabobi_KD:
Ban ƙi taka ba Malam, idan likita ya duba hannun da idonsa ya ga ba kumburi, ba tabo, gindin farce lafiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke hukuncin a kan kanta ba tare da an kalli yatsun ba. Kuma ko an sallame ta, a gaya mata alamun da za su sa ta dawo.

Sista_Kawo:
Ga abin yi idan ya taso. A bar wurin sanyin. A sa hannu a hammata, ko a miƙe a riƙa wulwula hannu daga kafaɗa kamar farfela don jini ya gangara yatsu. Ko a tsoma a ruwan ɗumi, wanda aka gwada da gwiwar hannu aka ji daidai da wankan jariri. Ba ruwan zafi ba. Yatsan da ya mutu ba ya jin ƙuna, shi ya sa kara hannu a kaskon gawayi ko jikin tukunya ke ƙarewa da ƙuna a yatsan da dama jini bai ishe shi ya warke ba. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuma hayaƙinsa na kisa, a kiyaye.

Rigakafin kuma ba hannu kaɗai ba ne. Idan ƙirji da kai suka ji sanyi, jiki da kansa ke janye jini daga yatsu. Riga biyu ko uku marasa nauyi sun fi ƙatuwar guda ɗaya, a sa hula, a sa safar ƙafa tun kafin a sauko daga gado, kada a taka siminti ko tayil ba takalmi. Safar hannu ta ulu ana samu a gwanjon Kasuwar Barci, a ɗumama hannun kafin a sa, don safa tsare ɗumi take yi, ba ta ƙirƙirarsa. Wajen wanki a sa ta auduga a ciki, ta roba a waje. Bayan kowane wanke hannu a shafa man kaɗanya ko basilin, saboda tsagewar fata ta hunturu ita ce ƙofar gyambo.

Ustaz_UngwarSarki:
Allah ya saka da alheri Sista. Tunda an ambaci asuba, kada wani ya ɗauka dole sai da ruwan sanyi alwala ke inganta. Alwala da ruwan ɗumi ta halatta. A zuba ruwan zafi a fulas tun dare, da asuba a sirka a buta. Mai gyambo da aka naɗe masa yatsa zai yi shafa a kan bandejin. Wanda ruwa zai cutar da shi kuwa, aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta ba mara lafiya damar taimama. A tambayi malami kan halin da mutum yake ciki.

Baba_Panteka:
Yara, ku ƙara da masu aikin ƙarfe. Mai riƙe injin gurza ƙarfe yini guda, mai injin markaɗe, mai injin yankan katako, girgizar nan na kashe jijiyoyin yatsu har su riƙa fari da sanyi. Wannan ba sikilarodama ba ce, aikin ne. Maganinsa rage awannin riƙe injin, hutawa tsakani, gyara injin da ke rawa fiye da kima, da safar hannu mai kauri.

LikitanGabobi_KD:
Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. Sai dai akwai sana'ar da ke jawo sikilarodamar kanta: shaƙar ƙurar dutse. Tun 1957 aka lura da haka a masu haƙar zinare na Afirka ta Kudu. Ciwon ya fi kama mata nesa ba kusa ba, don haka namijin da ya zo da shi a tambaye shi ko ya yi fasa dutse, haƙar ma'adinai ko niƙa dutsen zinare.

Famasis_TudunWada:
Bangaren magani. Na farko da likitoci ke rubutawa dangin nifedifin ne, mai narkewa a hankali, yawanci a fara da miligiram 30 sau ɗaya a rana, ko amlodifin miligiram 5, a ƙara bayan makonni idan jiki ya ɗauka. Ba a tauna mai narkewa a hankali, ba a raba shi. Illolinsa ciwon kai, jiri, kumburin ƙafa, kuma yana iya ƙara ƙwannafi. Mai ƙarancin hawan jini a auna shi kafin a fara. Idan bai wadatar ba ana ƙara sildenafil, sau da yawa miligiram 20 sau uku a rana. Mutane sun san shi da maganin maza, har mace ta ji nauyin karɓa, alhali aikinsa buɗe jijiyar jini ne ko a ina take. Babban hatsari ne haɗa shi da magungunan ciwon zuciya na dangin naitiret, jini zai faɗi warwas. Masu gyambo mai tsanani ana kwantar da su a ba su ilofurost ta jijiya, awa 6 a rana na kwana 3 zuwa 5, inda ake samunsa. Bosentan yana rage fitowar sababbin gyambo amma ba ya warkar da wanda ya riga ya fito, yana buƙatar gwajin hanta duk wata, kuma mai ciki ba ta shansa.

Waɗanda ke ƙara tsananta Reno kuma suna nan a kowane kemis: maganin mura mai sudo'efedirin, maganin ciwon ɓarin kai mai ergotamin, da magungunan hawan jini furofranolol da atenolol. Wanda ke shan na hawan jini kada ya daina da kansa, ya koma a canza masa. Sigari, shisha da taba gari, a bar su kwata-kwata.

Dan_Rigasa88:
Goro fa? An ce shi ma yana tsuke jijiya.

Famasis_TudunWada:
Akwai sinadarin kafeyin a cikinsa kamar kofi, ni ina ba da shawarar a rage.

LikitarFata_UngwarRimi:
Hujjar kafeyin ba ta kai ta taba ƙarfi ba, Malam. Kada mu jera su a sahu ɗaya har mutum ya bar goro ya riƙe sigari yana ganin ya yi rabin aiki. Ya gwada barinsa mako biyu yana ƙirga sau nawa abin ke tasowa a rana, jikinsa zai ba shi amsa.

Ina so in dawo kan ruɗanin da ya fi cutar da mutanenmu. Sikilarodama a baƙar fata tana kawo dabbare-dabbaren fari da baƙi a goshi, ƙirji, bayan kunne da bayan hannu, farin fili da ɗigo-ɗigon baƙi a gindin kowane gashi. Ga yatsu sun lanƙwashe, tsininsu na gajercewa. Sai a ce kuturta ce, a ware wa mutum kwano. Bambancin a fili yake: tabon kuturta ba ya jin taɓi, a shafa auduga mutum ba zai sani ba, gyambonta ma galibi ba zafi. Gyambon sikilarodama kuwa azaba ne. Wasu kuma su ce karkare ne ko sammu, a kai wa wanzami ya tsaga. Tsaga yatsan da jini ba ya isarsa hanya ce ta rasa shi.

Akwai kuma taurin fata na wuri ɗaya, faci guda a ciki ko cinya, wanda shi ne irin taurin fatar da yara suka fi yi. Shi ba ya cika zuwa da Reno ko taɓa kayan ciki ba, kada iyaye su firgita da abin da muke faɗa a nan.

LikitanGabobi_KD:
Abu ɗaya da Famasis bai ambata ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro: firednisolon da deksametazon da ake haɗa wa mutane a ƙullin maganin "sanyin ƙashi" ko na ƙiba. Ga mai sikilarodama, firednisolon miligiram 15 ko fiye a rana na iya tayar da rikicin ƙoda: jini ya hau kwatsam, ciwon kai, gani ya dushe, fitsari ya ragu. Hatsarin ya fi yawa a shekarun farko na nau'i mai bazuwa. Irin wannan mara lafiya ya mallaki na'urar awon jini a gida, ya riƙa aunawa aƙalla sau biyu ko uku a mako. Ya ga ya kai 140 bisa 90, ko na sama ya ƙaru da 30 a kan yadda ya saba, asibiti a ranar. Akwai maganinsa, dangin kaftofuril, amma sai an zo da wuri.

Wannan ne amfanin gano ciwon tun yana matakin yatsu. Ba mu da maganin da ke tumɓuke shi, amma muna da na kare huhu da ƙoda. Da an tabbatar, a yi gwajin ƙarfin numfashi da hoton huhu na siti sikan, a riƙa hoton zuciya na eko duk shekara. A nemi takardar turawa zuwa likitan gaɓoɓi a asibitin koyarwa, Shika ko Barau Dikko.

Sista_Kawo:
Kuma yatsan da ya yi fari ko baƙi ya ƙi dawowa bayan an ɗumama shi, awa ɗaya, awa biyu, ga zugi, wannan ba na jiran ranar asibiti ba ne, sashen gaggawa za a nufa ko da tsakar dare. Gyambo kuma a wanke da ruwan gishiri na asibiti mai ɗumi, a rufe da bandejin da ba ya mannewa, kada a ɗaure tam. Ban da toka, ban da man birki, ban da garin kafso. Ya fara ruwa, wari, ko jan ya bazu, ƙwayar cuta ta shiga, tana iya kaiwa ƙashi.

Maman_Hanif_Malali:
Allah ya saka wa kowa. Saura guda: wadda aka yi wa gwaji biyun suka fito lafiya, shi ke nan ta huta, ko sai ta riƙa maimaitawa?

MalaminLab_Barnawa:
Idan ba sabuwar alama, maimaita ANA duk shekara ɓarnar kuɗi ce.

LikitanGabobi_KD:
Na yarda kan ANA. Amma wadda tata ta fara bayan shekara 30, ni zan so in sake ganin gindin farcenta bayan shekara ɗaya ko da jinin ya fito lafiya, ɗigon mai ne kawai da minti goma. Wadda ɗaya daga cikin gwajin ya nuna matsala kuwa, duk wata shida zuwa shekara.

Famasis_TudunWada:
To Likita, mai shan nifedifin don Reno mai zaman kanta, idan zafin Maris ya shigo sai ta ajiye har Nuwamba?

LikitanGabobi_KD:
Mai zaman kanta, eh, da sanin likitanta, in dai ba don hawan jini ma take sha ba. Mai sikilarodama da ta taɓa yin gyambo kuwa ba ta ajiyewa, don sanyin damina da na'urar sanyaya ofis ma suna tayar mata.